Sabon kambas ko takalmin gwanjo: wanne zai raga wa gwiwarka?

Wa alaikumus salam ƙanena. Tsakanin sabon kambas na kasuwar ƙauye da takalmin gudu na gwanjo, tunda ka ce gwiwa ta fara yi maka magana, gwanjon za ka saya. Amma na asali, wanda kuma da sauran rai a jikinsa, don a nan gizo ke saƙar.

Nawa na kamfanin Asics ne, ruwan toka, a Ƙofar Wambai na tsinto shi cikin tulin takalman da aka zube a kan buhu. Ba shi da wani kyan gani. Maiɗakina ma da ta gan shi cewa ta yi wa ya rasu ya bar min gado. Lokacin na fi wata biyu ina fama: in na yi gudu da asuba, zaman tahiya a sallar azahar sai na karkace gefe, ƙarƙashin ƙoƙon gwiwar hagu kamar an soka tsinke. Ranar da na fara ɗaura shi na bi hanyar gona, abin da na soma lura da shi ƙarar ƙafata ce ta ɓace. Da can tafe nake tim-tim kamar ana sussuka, karnukan ruga tun daga nesa suke sanin ni ne. Ranar nan sai da na zo daf da su suka ɗaga kai. Na dawo gida na zauna bakin zaure ina jiran zugin da na saba, har aka kawo koko bai zo ba. Gaskiya ba takalmin kaɗai ya yi aikin ba, don na huta sati biyu kafin nan, na kuma rage nisa. Amma yau damina biyu ke nan yana ƙafata, sau ɗaya kawai na kai shi wajen mai gyara ya ɗinke bakin.

Dalilin a fili yake. Duk takun da ka yi a guje, abin da ke sauka a ƙafarka ya kai ninki 2 zuwa 3 na nauyin jikinka. In kilo 65 gare ka, ka ga ana maganar kilo 130 zuwa sama a ƙafa guda, kuma a kilomita ɗaya za ka yi taku wajen 1,000. Takalmin da aka yi don gudu yana da soso mai kauri tsakanin tafin ƙafa da robar ƙasa, shi ke rage wa ƙafa zafin dukan. Bayansa kuma da tauri, yana riƙe dunduniya kada ta riƙa zamewa idon sawu ya turguɗe.

Sabon kambas kuwa, to, yana da kyau ranar Sallah. Na taɓa sayen wani fari tas mai tambarin babban kamfani, da na cire shimfiɗar cikinsa sai ga ramuka kamar saƙar zuma, babu soso ko na magani. Sati uku ya buɗe baki. Yanzu yarona ke zuwa ciyawa da shi.

Ba ka tambaya ba amma sai na faɗa maka, wasu 'yan gwanjon ba sa tsoron Allah. Shi wannan soson yana mutuwa. Masu harkar gudu sukan ce tsakanin kilomita 500 zuwa 800 ya gama aikinsa, kuma ba ka san nawa Baturen da ya fara sa shi ya cinye ba. Sai a wanke mataccen takalmi da omo, a shafe gefensa da farin fenti, a liƙe inda ya ɗaye da gam, a ce maka yau aka fasa dila. Kada rantsuwa ta ruɗe ka. Ɗora shi a kan benci ka duba ta baya, in ya jirkice gefe ɗaya ajiye shi. Danna soson da babban yatsa, mai rai zai lotsa ya dawo, matacce ko ya yi tauri kamar katako ko ka ga ya yi tamoji-tamoji kamar goshin tsoho. Kama shi gaba da baya ka murɗa, in ya nannaɗe kamar tsumma ba shi da amfani. Wajen yatsu kaɗai ya kamata ya lanƙwasa. Kankare gefen da farce ka ga ko fenti zai fito. Sannan ɗaga harshen kowace ƙafa ka karanta lambar, don ni da idona na ga an haɗa wa wani 42 da 43, sai da ya je gida ya gane. Wasu kamfanonin har shekarar da aka yi takalmin suna bugawa a wurin.

Ka je da yamma ko bayan ka sha zagayen kasuwa, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka riƙa sawa. Ka bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsunka da bakin takalmin. In mai kaya ya hana ka ɗaura igiya ka ɗan taka, wuce gaba, ba shi kaɗai ne a layin ba.

Sai inda za ka taka. Mu nan Jigawa Allah ya hore mana ƙasa, amma samari sai ka gan su a gefen kwalta suna kokawa da hayaƙin tirela. Gefen titi a karkace yake don ruwa ya gangare, kullum ƙafa ɗaya na ƙasa da 'yar'uwarta, ga tauri. Hanyar burji ko hanyar gona da amalanke ta daddanne ita ta fi min. Rairayi mai zurfi na kan jigawa kuma, kada ka ga laushinsa ka ɗauka alheri ne, yana gajiyar da agara da sha-raɓa fiye da yadda kake zato, ɗan kaɗan ya isa. Gudu ba takalmi ma da wasu ke yabo, wanda bai taɓa taka tsidau ko ƙayar aduwa da asuba ba ne.

Kuma ka yi a hankali da gaggawa. Yawancin yaran da na ga gwiwa ta kayar a garinmu, jin an buɗe ɗaukar soja ko ɗan sanda suka yi, mutum bai taɓa gudun kirki ba ya tashi rana ɗaya ya ce sai ya kai gari na gaba ya dawo. Numfashi na saurin sabawa, jijiya da ƙashi kuwa sai a hankali. Abin da ka yi wannan satin, ƙara kamar kashi 10 cikin 100 a mai zuwa, kuma kwana 3 ko 4 a sati sun wadatar. Fara da tafiya mai sauri ta minti 5 zuwa 10, musamman da hunturu. Gajarta takunka, ƙafa ta riƙa sauka kusa da ƙarƙashin jikinka, ba ka miƙa ta can gaba ka doka dunduniya ba. Ranar hutu ka riƙa tsugunawa rabi kana miƙewa, ko hawa da sauka a dakalin ƙofar gida, don cinya mai ƙarfi ita ke tallafar gwiwa. Tsallen kwaɗo bar shi tukuna.

Abin da na roƙe ka, kada ka haɗiyi diclofenac daga kemis don ka samu ka yi gudu a kan ciwo, balle a kai ga tramadol. Ciwon na nan, bakinsa kawai ka toshe, ga ciki da ƙoda da kake ja wa. In gwiwar ta kumbura, ko tana maƙalewa, ko kana jin za ta zube da kai, ko ka huta sati biyu ba sauƙi, wannan ya wuce maganar takalmi da man zafi. Kuɗin da ka tara na takalmin ka yi na mota da su, ka fara da babban asibitin da ke kusa da ku, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura ka asibitin ƙashi na Dala.