Kayan koyar da giya a ajin mutum-mutumi: wanne za a saya a Legas?

Shugaban wata makaranta a Agege ya kira ni, ya ce iyayen yara sun yi karo-karo. "Malam, wane kaya za mu sayo wa ajin mutum-mutumi?" Na ce masa, "Ranka ya daɗe, kada kwalliyar kwali ta ruɗe ka." Ni abu ɗaya nake fara dubawa: yaro zai iya zare giya da hannunsa, ya ƙirga haƙoranta, ya sauya ta da wata? Giyar inji nake nufi, kada mai karatu ya yi salati.

A wannan ma'aunin, LEGO ke gaba. Giyoyinsa akwai mai haƙora 8, 16, 24 da 40. Ka sa mai 8 a jikin inji tana juya mai 40, sai ƙaramar ta zaga sau 5 kafin babbar ta zaga sau 1. Motar tana tafiyar hawainiya, amma ta haye littafin da aka jingina mata. Ka juya tsarin, ta fita a guje a kan siminti, tana isa gangaren ta cije. Na ga wata yarinya 'yar aji biyar ta ɗiga alli a haƙori ɗaya tana ƙirga zagaye da baki, can ta ɗago ta ce, "Malam, ashe gudun ne ake sayarwa a sayi ƙarfi." Darasin sati uku ke nan ta gama da kanta.

Matsalarsa kuɗi, don farashin yana bin dala. Kayan LEGO mai suna SPIKE Prime, wanda ya fito a 2020, yana da guntaye 528, kuma yara uku ne za su ji daɗin kwali ɗaya, in sun kai shida sauran 'yan kallo ne. Ana samun tokumbo na EV3, wani samfurin LEGO na jerin Mindstorms da ya fito a 2013, da sauƙi. Sai dai kamfanin ya daina yin Mindstorms a ƙarshen 2022, don haka kafin ka biya, a kunna ƙwaƙwalwar, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa injinan, a gabanka, a gwada kowane inji.

VEX IQ, kayan haɗa mutum-mutumi na wani kamfanin daban, shi ma yana da kyau. Giyoyinsa na 12, 36 da 60 suna ba da lissafi mai daɗi, kuma ba sa ɓata da wuri saboda girmansu. Amma in wani abu ya karye, yawanci sai an yi odarsa daga waje. Makarantar da ba gasa take hari ba, ban ga dalilin wahalar ba.

Sai kayan Arduino (ɗan allon lantarki ne da ake rubuta wa umarni ya sarrafa inji), waɗanda za ka samu a Computer Village da ke Ikeja ko kasuwar Alaba. Su ne masu araha, kuma in abu ya ƙone gobe ka sayo wani. Amma ga inda gizo ke saƙa: ɗan injin nan ruwan ɗorawa da ke juya taya, giyoyinsa a rufe suke cikin akwati. An riga an saita su, inji ya zaga sau 48 taya ta zaga sau 1, yaro bai ga komai ba. Zai iya koyon haɗa waya da rubuta umarni a kwamfuta, ya fita bai san me ya sa tayar ke da ƙarfi ba. In wannan za ka saya, ƙara inji biyu na sadaukarwa, a kwance su da sukundireba a gaban aji. Wajen ɗaga hannun mutum-mutumi kuwa, ɗan injin MG90S mai haƙoran ƙarfe ya fi SG90 mai na roba, don yara sai sun murɗa shi da hannu.

Ni ma na taɓa cin kwakwa. Na sayi jabun kaya a intanet don arha, hoton kamar na asali. Ramin giyoyin ya yi wa sandunan yawa, inji na ta kuka, taya na tsaye. Kafin hutun zango haƙoran ƙananan sun cinye. Ba duk kwaikwayo ne banza ba, amma sayi kwali ɗaya tukuna, ka haɗa giya biyu ka juya da yatsa. In ka ji tana tsallake ko tana ƙas-ƙas, bar ta.

Abin da na ce wa shugaban: ya sayi LEGO biyu ko uku a riƙa karɓa-karɓa, Arduino ya bari sai 'yan sakandare. Canjin kuma ya nemi tsohon keke wurin 'yan gwangwan, a kife shi a kan tebur, yara su ƙirga haƙoran gaba da na baya, su juya feda su ga zagaye nawa taya za ta yi. In akwai tela kusa mai keken ɗinki na takawa, a kai su su leƙa ƙasan teburin, su ga yadda sanda guda ke mayar da takawar ƙafa ta zama juyawa.

Ya kuma ware kuɗin batir mai caji da robar ajiya mai murfi. Giya mai haƙora 8 ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, mai shara ba zai tsaya tambayar ta waye ba.