Spirulina ko chlorella? Ki ɗauki ta farkon

Ƙanwata, tsakanin spirulina da chlorella da kika tambaya, ki sayi spirulina ki huta.

A ido dukansu gansakuka ce, wadda ake busarwa a sayar don ƙara gina jiki, amma ba gida ɗaya suka fito ba. Spirulina ruwan kanwa take so, irin wanda yawancin halittu ba sa iya rayuwa a ciki, shi ya sa take fitowa da kanta a ƙananan tabkunan Kanem, can ƙasar Cadi. Tun kaka da kakanni matan Kanembu ke tace ta, su zuba a ramin yashi ta bushe, su yanyanka, su sa a miya. Dihe suke ce mata. Wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya tarar ana sayar da ita a kasuwar Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, wajen 1964. Da aka auna, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na busasshen garinta furotin ne, ga kuma sinadarin ƙarfe mai taimakon jini.

Da Inna ta tashi daga doguwar jinya nama ya gagare ta tauna. Ƙaramin cokali ɗaya nake zuba mata a kunu bayan ya huce, don zafi yana rage mata amfani. Ranar farko ta ture kwanon, wai warin tabki yake. Sai na koma damawa cikin fura da nono, tsamin ya danne ƙarnin. Ba a jima ba ita da kanta ke tambaya ina furarta mai kore, har jikoki suna zagaye ta suna leƙen harshenta. Ban ce ita ta warkar da ita ba, magungunan asibiti na nan, amma na ga tsohuwa ta koma cin abinci.

Chlorella kuwa ta ruwan daɗi ce, ana noma ta sosai a Japan da Taiwan, kuma ɓawonta tauri gare shi, in ba a fasa shi a masana'anta ba ciki ba ya narkar da ita. Kwalba ɗaya na taɓa saye da tsada, kumburin ciki kawai na tsira da shi.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu tallar WhatsApp da masu ƙulli a leda ba suna ba kwanan wata. Wasu garin zogale ko kuka suke haɗawa su ninka kuɗi. Ki jiƙa kaɗan a kofin gilashi ki bar shi ya kwana: ta gaske ruwan zai ja shuɗi, garin ganye ba ya yin haka. Wadda aka kwaso daga tabkin da ba a sani ba kuma tana iya haɗuwa da wata gansakukar mai dafin da ke taɓa hanta. Ki je farmasi, ki nemi mai hatimi da sunan inda aka noma ta.

Duk wanda ya ce miki tana maganin ciwon suga ko sikila, kuɗinki yake so. In mai juna biyu ce za ta sha, ko wanda ke kan magani kullum, a fara jin ta bakin likita.