Bolti mai ƙyalli ko mai toka-toka: amsa ga mai haɗa stan ɗin tanki

Salam jama'a. Malam da ya yi tambaya jiya da daddare cewa zai haɗa dogon stan na tankin ruwa da bolti maimakon walda, ya je kasuwa an nuna masa kala biyu, ɗaya fari tas yana ƙyalli, ɗaya kuma toka-toka mai kaushi kamar ya kwana biyu a shago amma ya fi tsada, wai wanne ne tsatsa ba za ta ci ba, to ga abin da na sani.

Dukkansu tutiya ce a jikinsu, wato zinc da ake shafa wa ƙarfe don kare shi daga tsatsa, bambancin yadda aka sa ta ne. Mai ƙyallin da lantarki ake manna masa, kaurinta bai fi mikron 5 zuwa 12 ba, kuma ka tuna mikron 1000 ke yin milimita ɗaya. Mai tokan kuwa, wanda muke cewa galbanaiz, tsoma shi ake a narkakkiyar tutiya mai zafin wajen digiri 450, sai ya fito da mikron 40 zuwa 50 ko fiye. Ita tutiya aikinta ta cinye kafin ƙarfen ya fara cinyewa, to ka ga kenan wanda ya fi kauri shi zai fi daɗewa, ba ruwan tsatsa da ƙyalli.

Wani zai ce ai mu nan Kano ko Damagaram ba Legas ba ce ko Fatakwal da iskar teku ke ɗauke da gishiri, gaskiya ne, amma Malam stan ɗin tanki fa ka ce, kullum ruwa na tsiyaya a kansa in tanki ya cika ya yi ambaliya, rani da damina a jiƙe yake. Na taɓa sa masu ƙyallin a wani stan don na rage kuɗi, bayan damina biyu na hau na ga jan ruwa ya zubo daga kowane noti har ƙasan ƙafar, uku sai da muka yanke su da giranda don sifana ta ƙi juya su. Mai ƙyalli na cikin ɗaki ne wallahi.

Amma galbanaiz ma yana da nasa sharaɗin kuma nan ake yawan kwafsawa. Tunda tutiyar ta ƙara wa zaren boltin kauri, notinsa daban ne, a kamfani ake ɗan buɗe zaren notin bayan an tsoma shi. In ka sayi boltin nan ka je wani shago ka tsinto noti na gama-gari zai cije a rabin hanya, yaro ya sa faif a sifana ya danna da ƙarfi ya ce oga ya ɗauru, alhali ko ƙarfen bai matse ba, tutiyar kawai ya kankare. Ka saye su tare, bolti da noti da wosha, kwali ɗaya kamfani ɗaya, kuma ka duba notin ya zo da ɗan maiƙonsa, kar a wanke shi da fetur.

Sai ka duba lambar da ke kan boltin, ita ke nuna ƙarfinsa. In 8.8 ne ba matsala, ɗauki galbanaiz ka yi aikinka, kuma yawanci shi ake sa wa a irin wannan aiki. In 10.9 ne sai a yi hattara, domin kafin a sa tutiya ana wanke ƙarfe da asid, a nan iskar haidirojin ke iya shiga cikin ƙarfe mai tauri sosai, sai ka ɗaure shi lafiya lau bayan kwana ɗaya ko biyu kan ya ɓalle kamar an karya alli, babu lanƙwasa babu alama. Hanyar lantarkin ma ta fi tsomawa wannan haɗarin. Saboda wannan haɗarin ne 12.9, da ya fi 10.9 tauri, ba a tsoma shi sam, a Amurka ma boltin da suke kira A325 ake yarda a tsoma, A490 da ya fi shi tauri an hana. Ga irin waɗannan akwai shafe na uku irin su Geomet, garin tutiya da alminiyam ake shafawa a gasa ba tare da asid ba, siriri ne amma yana jure tsatsa, sai dai samunsa a kasuwanninmu sai an yi oda.

Wanda ya ce a sa na sitenles kuma, mai lamba A2-70 da ya cika kasuwa bai kai 8.8 ƙarfi ba, kar a musanya ba tare da injiniyan da ya zana aikin ya sani ba.

In ka gama ɗaurewa Malam, ka bi kan kowane noti da ragowar zaren da ya leƙo da fenti mai tutiya, musamman inda sifana ta karce, kuma kar ka bari kafinta ko mai walda ya ɗiga wa notin walda wai don kar ya kwance, zafin nan ƙone tutiyar yake kuma yana rage wa boltin ƙarfi. Turo hoton kan boltin mu ga lambar kafin ka biya.