Kibiyar Laftof Ta Ɓace: Maus Za A Saya, Ko Gyara Za A Kai?

Yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannun ɗalibai da ma'aikata da masu shagunan buga takardu a Kaduna na hannu ne, waɗanda aka shigo da su daga Turai ko Amurka bayan sun yi shekaru suna aiki a can, kuma HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad su ne aka fi cin karo da su. Kwamfutoci ne masu ƙwari, sai dai faifan shafawa (touchpad) da ke ƙasan madannai yana daga cikin sassan da suka fi saurin ba da matsala. Ranar da 'yar kibiyar ta ɓace daga allo, ko ta daskare wuri ɗaya, mai kwamfuta yana da hanyoyi huɗu na kashe kuɗi: maus mai waya, maus marar waya mai risiba, maus mai Bluetooth, ko kai na'urar wurin mai gyara. Kowace hanya tana da irin matsalar da take magancewa, kuma wanda ya zaɓa kafin ya san inda ciwon yake yakan biya sau biyu.

Akwai abubuwan da ake dubawa kyauta, kuma sau da yawa a nan maganar take ƙarewa. A kan tsofaffin EliteBook da ProBook akwai ɗan ɗigo a kusurwar sama ta hagun faifan. Idan yatsa ya ƙwanƙwasa wurin sau biyu, ko da bisa kuskure, faifan zai mutu kuma wata 'yar fitila mai ruwan lemo za ta kama. Ƙwanƙwasa wurin sau biyu kuma shi ne maganinsa. Sauran kamfanoni sun sa wannan aiki a jerin maɓallan sama, inda ake haɗa Fn da maɓallin da aka zana wa hoton faifan: F7 a yawancin Acer, F9 a Asus da dama, F6 ko F8 a wasu Lenovo. Idan wannan bai yi ba, ana iya shiga saitin Windows da madannai kaɗai, ta hanyar danna maɓallin Windows tare da I, sannan a yi tafiya da Tab da maɓallan kibiyoyi har a kai ga sashen Touchpad a ga ko a kunne yake. Haɗa Windows da Ctrl da Shift da B yana farfaɗo da manhajar da ke zana hoto a allo, allon ya ɗan ƙifta sau ɗaya, kuma wani lokaci kibiyar takan dawo da hakan. Wanda ya saba jona kwamfutarsa da majigi a aji ko a ɗakin taro ya danna Windows da P ya mayar da nuni zuwa allon kwamfutar kaɗai, domin kibiyar na iya kasancewa tana yawo a allo na biyu da ba ya gani.

Abu na gaba ya fi shafar mu a nan fiye da ƙasashen da aka ƙera kwamfutocin, wato caja. Faifan shafawa yana gane yatsa ne ta wani ɗan ƙaramin sauyin lantarki da ke faruwa idan fata ta taɓa shi, saboda haka cajar bogi, ko soket da ba shi da wayar ƙasa, ko wutar ƙaramin janareto da ba ta da daidaito, suna iya sa kibiyar ta riƙa tsalle-tsalle ko ta ƙi bin yatsa. Gwajin ba shi da wuya: a zare caja, a bar kwamfutar a kan batirinta. Idan kibiyar ta natsu nan take, to abin da za a saya caja ce mai kyau, kuma maus ba zai hana cajar bogi ci gaba da wahalar da na'urar ba. Zufa a yatsa lokacin bazara da ƙurar hunturu da ke taruwa a gefen faifan su ma suna rikita shi, amma waɗannan ɗan ƙyalle busasshe ya ishe su.

Idan duk an bi waɗannan kuma shiru, kada a garzaya kasuwa tukuna. A ari maus mai waya a wurin maƙwabci ko abokin aiki a jona shi, domin wannan gwaji ɗaya yana raba matsalar gida biyu. Idan kibiyar ta bayyana ta kuma motsa, Windows lafiya lau yake, ciwon yana ga faifan ne ko wayarsa ko manhajar da ke tafiyar da shi. Idan kuwa maus ɗin aro ma bai fito da ita ba a kowace ƙofar USB, matsalar ta wuce faifan, kuma duk maus ɗin da aka saya, komai tsadarsa, zai zauna ne a kan tebur ba amfani.

Ga wanda gwajin ya nuna masa cewa faifan ne kaɗai ya lalace, maus mai waya shi ne zaɓin da ni nake sa wa gaba, duk da cewa matasa da yawa suna yi masa kallon tsohon yayi. Shi ne mafi arha, ba ya neman batir, ba ya neman a saka masa wata manhaja, kuma yana aiki tun kafin Windows ya gama tashi, abin da ke da muhimmanci ga kwamfutar da tuni ta fara ba da matsala. Logitech B100 da M90, da irin waɗanda HP da Dell suke haɗawa da kwamfutocin ofis, duk suna cikin wannan aji, kuma sukan yi shekaru. Rauninsa ɗaya ne sananne: wayar takan karye daga ciki a daidai inda ta shiga jikin maus ɗin, musamman idan ana nannaɗe ta da ƙarfi ana cusawa a jaka kullum. Mai shagon buga takardu a Tudun Wada ko Kawo, wanda kwamfutarsa ba ta barin tebur, ba shi da dalilin neman wani abu daban.

Maus marar waya mai risiba ya fi dacewa da ɗalibin Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) ko na Kaduna Polytechnic da ke ɗauke da kwamfutarsa daga aji zuwa ɗakin karatu zuwa masauki. Ana soka ɗan ƙaramin risiba a ƙofar USB, shi kuma yana magana da maus ɗin ta zangon rediyo na 2.4 GHz har tazarar mita 10 ko kusa da haka, kuma a wurin kwamfutar bai da bambanci da mai waya, don haka shi ma yana kamawa nan take ba tare da an saita komai ba. Amma a nan akwai abubuwan da mai saye ya kamata ya tsaya ya auna. Na farko shi ne risiban kansa. A yawancin masu arha, an ɗaura kowane maus da risibansa tun daga masana'anta, ta yadda idan risiban ya faɗi a cikin Keke Napep ko ya karye a bakin ƙofar USB, maus ɗin ya tashi aiki ke nan. Wasu samfuran Logitech masu alamar tauraro mai ruwan lemo, waɗanda ake kira Unifying, sun kauce wa wannan, domin ana iya sayen risiba daban a haɗa, kuma risiba ɗaya yana ɗaukar na'urori har 6. Na biyu shi ne batir. Mai amfani da AA guda ɗaya yakan fi mai AAA daɗewa, kuma batirin da ya fara rauni yana sa kibiyar ta riƙa tsayawa tana tafiya, daidai irin alamar da mutum ya gudo daga gare ta, har ya zaci kwamfutar ce ta sake lalacewa. Na uku kuma ba kowa ya san shi ba: ƙofofin USB 3.0, waɗanda galibi cikinsu shuɗi ne, suna fitar da sigina mai kawo cikas a zangon rediyon da risiban ke amfani da shi yayin da filashi ko wani ma'ajiyin bayanai ke aiki a kansu. Idan kibiyar ta fara sarƙewa duk lokacin da ake kwafar fayil, a mayar da risiban ƙofar da ke ɗaya gefen kwamfutar.

Maus mai Bluetooth yana da kyau ga wanda ƙofofin kwamfutarsa kaɗan ne, ko kuma duk USB-C ne kamar na MacBook da wasu sababbin kwamfutoci marasa kauri, kuma babu risiban da zai ɓata. Sai dai ga mutumin da kibiyarsa ta ɓace, shi ne mafi raunin zaɓi, saboda dalilin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Kafin ya fara aiki sai an shiga saiti an haɗa shi da kwamfutar, kuma wannan haɗawa da madannai kaɗai za a yi ta tunda babu kibiya. Ba ya aiki a shafin BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, ba ya aiki yayin da ake sabon saka Windows, kuma da yawa daga cikin sababbin suna buƙatar Bluetooth 4.0 ko sama da haka, wanda wasu tsofaffin kwamfutoci ba su da shi. Wanda ya nace yana son Bluetooth ya nemi irin masu hanya biyu, waɗanda ke zuwa da risiba kuma suna da Bluetooth, don ya sami abin komawa.

Sauran abubuwan da ake rubutawa a jikin kwali ba su cancanci dogon tunani ba. DPI, wato ma'aunin nisan da kibiyar ke tafiya idan an motsa maus, tsakanin 1000 da 1600 ya wadatar da aikin rubutu da lissafi da yawon intanet, kuma manyan lambobin da ake bugawa a kan masu arha galibi ado ne. Fitilu masu launi suna cin batir ne kawai. Maus na yau da kullum ba ya gani a kan tebur mai gilashi, saboda haka ko a haɗa da ɗan shimfiɗinsa ko a sa masa takarda.

Gyara kuwa yana da matakai, kuma bai kamata a yarda a fara da mafi tsada ba. Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, mutane da yawa sun sa an saka musu Windows 11 a kan kwamfutocin da suka girmi abin da tsarin ya amince da shi, kuma ba abin mamaki ba ne faifan ya mutu bayan irin wannan aiki, domin manhajar da ke tafiyar da shi, ta Synaptics ce ko ELAN ko Alps, ba ta shiga ba. Danna Windows da X sannan M yana buɗe Device Manager, shafin da ke jera sassan kwamfutar, kuma alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa a gefen sunan faifan ko a gefen I2C HID Device tana nuna cewa manhajar ce ta samu matsala. Ana sauko da ita kyauta daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, da lambar samfurin da ke rubuce a ƙasanta. Mataki na biyu shi ne siririyar wayar nan mai faɗi da ta haɗa faifan da uwar allon kwamfutar (motherboard, babban allon lantarki na ciki), wadda takan zame idan na'urar ta faɗi ko idan an buɗe ta don sauya madannai ba a mayar da kyau ba. Mai gyara na kirki zai fara cire ta ya sake zaunar da ita a gaban mai kaya. Sai idan waɗannan biyu sun gaza ake maganar sauya faifan. A nan ne kuɗin ke bambanta sosai, domin a wasu samfura faifan yana fita shi kaɗai da 'yan kusoshi, a wasu kuma an manne shi da murfin sama baki ɗaya, sai an sayi duka. Na EliteBook da Latitude da ThinkPad ba su da wuyar samu saboda yawansu a gari, amma kusan duk cire su aka yi daga wata kwamfutar da ta mutu, don haka a gwada dannawar hagu da ta dama da jan yatsa biyu kafin a biya.

Masu irin kwamfutocin da ke da ɗan ƙullutu a tsakiyar madannai, ja a ThinkPad, su lura da wani abu: idan kibiyar tana zamewa da kanta zuwa kusurwa ɗaya ta maƙale a can, sau da yawa ƙullutun ne ya lalace, faifan kuma lafiyarsa ƙalau. A yawancinsu ana iya kashe ƙullutun shi kaɗai daga saiti ko daga BIOS, wanda ake shiga da F1 a ThinkPad, F2 a Dell, F10 a HP, kuma babu ko kwabo da za a kashe.

Akwai yanayi ɗaya da sayen maus kuskure ne mai haɗari. A kwamfutoci marasa kauri batirin yana kwance ne a ƙarƙashin faifan, kuma batirin lithium da ya tsufa, ya sha zafin Maris da Afrilu, ya kuma saba kwana a jone da wuta, yakan kumbura kamar burodin da ya tashi, ya turo faifan sama. Alamarsa ita ce dannawa ta yi tauri ko ta daina ƙara, faifan ya ɗago daga mazauninsa, murfin ƙasa ya buɗe baki, ko kwamfutar ta riƙa girgiɗi idan an ajiye ta a tebur mai shimfiɗaɗɗiyar fuska. Wanda ya ga haka ya jona maus ya ci gaba da aiki ya rufe alamar ne kawai, batirin kuwa yana iya fasa faifan, ya lanƙwasa uwar allon, ko ya kama da wuta. A kashe na'urar, a zare caja, kada a danna kumburin ko a huda shi, a kai a cire batirin. Sau da yawa faifan yana komawa daidai da kansa da zarar an sauya shi, kuma kuɗin da za a kashe na batir ne.

A shagunan kayan kwamfuta da ke titin Ahmadu Bello da kewayen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ana samun duk waɗannan nau'o'i, na asali da na kwaikwayo a kanta ɗaya, wani lokaci da suna ɗaya a jikin kwali. Na bogi yakan yi sakayau a hannu, tayar tsakiyarsa tana kwaram-kwaram, rubutun ƙasansa kuma ya dusashe. Mai saye ya tafi da kwamfutarsa, a buɗe kwalin a gabansa, a jona a ƙofofi biyu daban-daban, ya ja kibiyar a hankali daga kusurwa zuwa kusurwa ya ga ko tana tsallake wuri, ya danna dama da hagu, ya juya tayar sama da ƙasa a kan dogon shafi. Idan marar waya ne, ya duba ko akwai maɓallin kashewa a ƙasa da kuma ramin ajiye risiba a ciki, sannan ya nemi a rubuta masa a rasit kwana nawa aka yarda ya dawo da shi idan ya ƙi aiki.