Wurin koyon jarabawar ATAS da na shiga a Bronx

To masu ta tambayata a kan wurin nan da na je shirin jarabawar ATAS, wato wadda ake ci kafin a ba mutum satifiket na mataimakin malami a jihar New York, ga abin da na gani.

Malamar lissafin dai wallahi ta iya, baiwar Allah mai haƙuri, ni da rabona da lissafi tun sakandare sai ga ta tana yaga takarda gida huɗu a gabana tana cewa ɗauki ɗaya ki gaya min nawa ya rage, kafin wata ya ƙare na daina jin gabana na faɗuwa. Sun kuma zauna da mu muka buɗe akawun a TEACH, wato shafin intanet ɗin jihar da ake neman satifiket ɗin a kai, suka nuna mana inda ake ɗaukar zanen yatsu da kwasakwasan nan na dole, na DASA, wato na hana tsangwama da cin zali a makaranta, da na gane alamun cin zarafin yara.

Inda suka ɓata min rai, ba wanda ya ce mana satifiket ɗin matakin farko, wato Level I, na wucin gadi ne, sai da ya fito na ga ranar ƙarewa a jiki, ashe in kina son mataki na gaba, Level II, sai kin kawo kiredit 9 na kwaleji da shekara 1 ta aiki. Haba don Allah, ai da sun faɗa da tuni na yi rajistar kwalejin. Ga ajin ɗan ƙurii, hita ma ta mutu ana tsananin sanyi muna rubutu da safar hannu.

Tauraro 3 cikin 5 na ba su. In za ki je ki riƙa tambayarsu komai da bakinki, ba sa faɗa sai an tona.