Yadda wani tsoho a Jamus ya kunyata ni a kan ɗan mahaɗin ƙarfe

Wata uku na yi ina fama da firintar 3D da na harhaɗa da hannuna a nan Bon, irin samfurin Prusa i3 wanda Josef Prusa na ƙasar Cek ya fitar a 2012, ya kuma bar zanensa a fili ga duk mai son kwaikwaya. Na'urar tana narkar da roba tana jera ta hawa-hawa, kuma abin da ke ɗaga kanta sama shi ne sanduna biyu masu zare da ke tsaye dama da hagu, kowace an haɗa ta da motonta da wani ɗan mahaɗin alminiyam mai tsagi kamar sifirin. Duk abin da na buga sai ya fito da zobba-zobba a jikinsa, kamar an ɗaɗɗaure shi da igiya.

Wata Asabar na kai firintar wani ɗakin gyara na 'yan sa-kai, na miƙa wa wani tsoho mahaɗin na ce irinsa nake nema, kamar yadda nake yi a kasuwar Ƙofar Ruwa. Ko karɓa bai yi ba, sai ya tambaye ni awonsa, ni kuwa na yi shiru. Ya ɗauko ma'auninsa ya gwada bakin moto, milimita 5, ya gwada sanda, milimita 8, sannan ya auna tazarar zobban da ke jikin abin da na buga ya samu milimita 1.25, wato daidai da tazarar zaren sandata, irin wadda ake kira M8. Daga nan ya kwance sandar ya mirgina ta a kan gilashi, sai ga ta tana ɗingishi a gaban wasu yara biyu da suka zo gyaran keke. Da ya ji cewa aikin injiniya na karanta, kallon da ya yi mini ta saman tabarau ya sa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bayaninsa shi ne, sandar da na saya ta ɗaurin noti ce, ba a yi ta domin motsi mai kyau ba, kuma tun da a karkace take, duk juyi ɗaya sai ta ture kan na'urar gefe. Mahaɗin kuma, da yake sifirin ne, yana lotsawa idan nauyi ya hau shi. Ni ma da nawa laifin, domin ban ɗaure ƙaramin sukurun a kan gefen bakin moton da aka shafe ba, sannan na kame saman sandar da boris, alhali a sake ya kamata a bar shi. Maganin lotsawar ne ya ba ni dariya: ƙwayar boris guda ya jefa cikin mahaɗin tsakanin bakin moto da gindin sanda, dabarar da kowane bakanike a Kano zai gane.

Na yi odar sandunan T8, waɗanda aka yi su domin irin wannan motsi, ta intanet, suka shiga mahaɗin cif ba tare da guduma ba, kuma doka ta ba ni kwana 14 in mayar idan ban gamsu ba. A gida mai shago zai ce maka "zai shiga, Alhaji", idan ya ƙi a buga, idan ya fashe kuwa an riga an yi ciniki. Basira muna da ita, awo ne muka raina, shi ya sa gyara ɗaya ake yinsa sau uku.

Sai dai kada a ɗauka komai daɗi ne a nan. Ranar Lahadi shaguna a rufe suke, kuma kuɗin aikin mai injin gurza ƙarfe na sa'a ɗaya ya fi kuɗin sandunan da mahaɗan gaba ɗaya. Na tuna yadda a gida yaron bakanike zai yanko guntun tiyo ya haɗa mini moto da sanda kafin in gama shan shayi, kuma tsohon da kansa ya ce da tiyo masu harhaɗa irin waɗannan na'urori da yawa suka fara.

Da na kunna firintar kuwa, ashe na manta cewa sabuwar sandar tana hawa milimita 8 a juyi ɗaya maimakon 1.25, ban canza lissafin yawan takun da moto ke yi a kowace milimita daga 2560 zuwa 400 ba, sai kan na'urar ya yi sama ya bar robar tana zuba a iska kamar taliya.