Kirit, Santorini ko Rodos: Ina Ya Dace Ka Kai Kuɗinka a Girka?

Wanda ya sha wahalar neman bizar Shengen, ya haɗa kuɗin jirgi a wannan tsadar, bai kamata ya bar hoton Instagram ya zaɓa masa inda zai je a Girka ba. Kusan kowane tsibiri a ƙasar yana da almarar da ake tallarsa da ita: nan aka haifi gunki kaza, can jarumi kaza ya kashe dodo. Ni ma'aunina guda ne. In na isa, akwai gini ko rubutu ko kayan da zan gani da idona, ko kuwa labarin kaɗai za a sayar mini? A kan wannan ma'auni Kirit ce zaɓina, kuma ta yi wa sauran rata.

Almarar Kirit ta Sarki Minos ce. Aka ce yana da dodo mai jikin mutum da kan bijimi, ya sa gwanin magininsa Dedalus ya gina masa gida mai lunguna wanda duk ya shiga ba ya gane hanyar fita. Duk shekara tara mutanen Atina kan aiko samari bakwai da 'yan mata bakwai a jefa wa dodon. Sai Tesiyus ɗan sarkin Atina ya shiga cikin ayarin, Ariyadini 'yar Minos ta ba shi dunƙulen zare, ya ɗaura a bakin ƙofa yana warwarewa, ya kashe dodon ya biyo zaren ya fito. A hanyar komawa ya manta bai sauya baƙin ƙyallen jirginsa da fari ba, alamar da ya yi wa ubansa alkawari in ya tsira. Uban ya hango baƙi, ya ɗauka ɗansa ya mutu, ya faɗa teku. Tatsuniyar masu bautar gumaka ce, ba wanda ya ce a gaskata.

Amma fadar da ake dangantawa da Minos tana nan, Kinosos sunanta. Kinosos ba ta wuce kilomita 5 daga Iraklion, babban birnin Kirit, ba, motar bas ta gari ma tana kai ka. An fara gina ta wajen shekara 1900 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka sake gina ta bayan ta rushe wajen 1700. Ɗakuna ne birjik, hawa bisa hawa, da magudanan ruwa na yumɓu, da ɗakunan ajiya cike da manyan randuna na man zaitun da hatsi, wasu sun kai tsayin mutum, kamar rumbunan gidan babban manomi. Hoton bijimi ko'ina, har da na matasa suna tsallake shi. In ka yi rabin sa'a kana kewaya lungunan, za ka gane inda almarar ta samo tushe.

Abu ɗaya ya kamata ka sani kafin ka biya. Bature ɗan Ingila, Arthur Evans, wanda ya fara babban haƙa a 1900, ya sake tayar da sassa da yawa da kankare, ya sa aka yi musu fenti bisa hasashensa. Jajayen ginshiƙan da ake ɗauka a hoto aikinsa ne. Shi ya sa nake cewa kada ka tsaya a Kinosos kawai. Ka shiga gidan tarihi na Iraklion, inda ainihin zanen bangon suke, da faifan yumɓu na Festos da aka tono a 1908 wanda har yau ba a warware rubutunsa ba, da allunan rubutun da Michael Ventris ya gano a 1952 cewa tsohon Girkanci ne. Sannan ka gangara kudu zuwa Festos kanta, wata tsohuwar fadar irin ta Kinosos wadda ba a yi wa wannan kwaskwarimar ba, ka biya ta Gortina ka ga dokokin aure, gado da bayi an sassaƙa su a bangon dutse tun ƙarni na 5 kafin Miladiyya. Na daɗe tsaye a gaban bangon nan. Mutane ne suka zauna suka tsara wa mace rabonta na gado, suka rubuta inda kowa zai gani.

Tsibirin yana da tarihin Musulunci ma. Musulmin da suka baro Andalus sun ci shi a shekarun 820, su suka kafa garin da ya zama Iraklion, suka riƙe har 961. Tsofaffin masallatan Usmaniyya suna nan a Haniya da Retimno, sai dai an mayar da su zauren baje koli da makarantar kiɗa tun bayan musayar al'umma tsakanin Girka da Turkiyya ta 1923. Wannan yana sosa rai, kuma ka shirya yin sallarka a masauki.

Sauran fa? Atina, babban birnin ƙasar, dole ce, kwana biyu sun isa: ka hau tudun Akuropolis da sassafe ka ga Fartenon, tsohon gidan bautar da aka gina tsakanin 447 da 432 kafin Miladiyya, ka wuce. Rodos tana tallar gunkin tagulla mai tsayin kusan mita 33, alhali girgizar ƙasa ta kayar da shi wajen 226 kafin Miladiyya, ko gutsurensa babu. Abin da ya cece ta shi ne tsohon birninta mai ganuwa da kuma masallacin da har yanzu ake salla a ciki. Tsibirin Mikonos gidan rawa ne da tsada. In ba don ƙetarawa Delos ba, ƙaramin tsibiri mai kangayen tarihi da ke kusa da shi, ban ga abin da zai kai mai iyali can ba.

Santorini ce ta ƙona ni. Wani ofishin yawon buɗe ido ya karɓi kuɗina da sunan rangadin “ɓataccen birnin Atalantis”. Aka zuba mu a kwalekwale, aka kai mu bakin dutse mai aman wuta, aka ce mu yi wanka a ruwan ɗumi, aka dawo da mu. Akurotiri, garin gaske da toka ta binne sama da shekara 3,500 da suka wuce, wanda Spyridon Marinatos ya fara tonowa a 1967, ko hanyarsa ba a bi da mu ba. Atalantis kuwa labari ne daga rubutun Aflatun, masanin falsafar tsohuwar Girka, ba wanda ya taɓa tabbatar da inda take. Tun daga nan, kafin in biya kowane rangadi sai a rubuta mini sunan kowane wurin da za a tsaya, da tsawon lokacin, da ko kuɗin shiga yana ciki. In mai sayarwa ya fara kame-kame, na kama gabana.

Damfarar ba ta tsaya nan ba. A ƙofar manyan wuraren tarihi za ka tarar da masu cewa su jagorori ne. Jagoran gaske a Girka yana da lasisi daga ma'aikatar yawon buɗe ido, yana rataye da katinsa. Ka nemi gani, ba rashin kunya ba ne. Tikiti ka saya a shafin hukuma ko a tagar wurin, domin akwai shafukan da suka kwaikwayi na hukuma suna ninka farashi da sunan za su tsallakar da kai layi. Wanda ya ja ka gefe ya nuna maka “tsohon sulalla” ko guntun tukunya, ka rabu da shi. Ko dai jabu ne, ka yi asara, ko na gaske ne, ka shiga uku, domin a dokar Girka kayan tarihi na gwamnati ne, fitar da su laifi ne, ko da ɗan dutse ka tsinta a kango. Kwafi na halal ana sayar da shi a shagunan gidajen tarihi.

A gidan abinci, musamman na bakin teku, kifi da kilo ake sayar da shi. Ka sa a auna a gabanka a faɗa maka jimilla kafin a ɗora a wuta, kuma ka karɓi rasit. Dokarsu ta ce ba dole ka biya ba in ba a ba ka shi ba. Kujerun bakin ruwa ma ka tambayi kuɗinsu kafin ka zauna. Tun daga gida kuma, duk ejan da ya ce zai “tabbatar” maka da biza ƙarya yake, ofishin jakadanci kaɗai ke yanke hukunci.

Kirit tana da tsawon kusan kilomita 260, don haka ka ba ta aƙalla mako guda, ka yi hayar mota ko ka bi bas-bas na tsakanin garuruwa. Daga tashar Fireyus da ke gefen Atina jirgin ruwan dare yana kai ka Iraklion da asuba, jirgin sama daga Atina kuwa bai kai sa'a ɗaya ba. Mayu da ƙarshen Satumba sun fi Agusta sauƙin rana da cunkoso. Tsiren da suke kira sufulaki da giros galibi naman alade ne, sai ka tambaya. Kifi, wake da ganyaye da man zaitun sun wadatar. Ɗan kofin farin ruwan da ake kawowa kyauta bayan cin abinci a Kirit kuwa barasa ce, raki suke ce mata, ka yi godiya ka mayar.